Akuyar da Baba Ya Sa Ta Taka

Jiya na tarar da 'yata Hafsatu tana kallon katun a wayar babanta, sai Baba mai goro na ƙofar gidanmu a Obiagu ya faɗo mini a rai.

A wancan lokacin Hafsatu ta kusa shekara biyu, ko tsayuwa ba ta yi. Kullum ina matsa ƙafafunta ina kuka a ɓoye. Wata rana Baba mai goro ya lura da idona, ya ce, "'Yata, miƙo mini tsohon littafin can."

Ya yi ta zana akuya a kusurwar shafuka da guntun fensir, yatsunsa jajir da goro. Ya ce yana saurayi a Yamai ya yi wa wani Bafaranshe aiki, mai yin fim da zane. Mutumin yakan wuni a kan zanen ƙafa ɗaya, ya gusa ta kaɗan, ya ɗauki hoto, ya sake.

"Dubi akuyar nan. Tana motsi?"

"A'a, Baba."

"Ta gaba fa?"

"Ai duk ɗaya ce."

Sai ya lashi babban yatsa ya saki shafukan, farrr. Wallahi akuyar ta taka, har da kaɗa wutsiya. Na kama salati.

"Ke shafi ɗaya kike kallo," in ji shi. "Kai yarinyar asibiti, amma daina cewa ba ta motsi."

Ranar da Hafsatu ta saki bango ta yi taku uku, na sunkuce ta na fita da gudu in nuna masa. Sai da na ga teburinsa a kife na tuna kwanansa tara a kabari. Allah ya haskaka makwancinka, Baba, ya isar maka da labarin.