Kaskon da Aka Kife wa Tamar

Tamar matar Yunana maƙwabciyarmu ce a Gangara. Fura take sayarwa a bakin rijiya, inda Buzaye ke shayar da raƙuma, kuma har yau ban sha mai daɗin tata ba. A watan Maris na 1964 ta yi ɓarin cikin wata huɗu, jini ya ƙi tsayawa. A kan raƙumi aka kai ta gidan likita a Tanut. Ma'aikacin wurin, Malam Alhassan, ya ja Yunana gefe ya ce, "Jininta ya ƙare. In ta sake ɗaukar ciki kafin shekara, ranta sai Allah."

Lokacin ba mu san ƙwayar hana ɗaukar ciki ba a Damargu, ungozoma muka sani. Inna Yagana, wadda ta yanke cibin rabin garin, ta tattara tsummokaran ɓarin, ta kife kasko a kansu, ta binne a gindin aduwa.

Ta ce, "Muddin kaskon nan yana kife, mahaifa ma a kife take. Ranar da kuke son haihuwa, a tono a juya."

Yunana dattijon ikilisiya ne, amma ya yarda. Mu duka muka yarda. Mun saba ganin mace ta shekara biyu bayan haihuwa ba ciki. Ba wanda ya tuna cewa waɗancan shayarwa suke yi, Tamar kuwa ba jariri a bayanta.

Ruwan farko bai sauka ba, ƙanshin fura ya fara sa ta amai. Yagana ta duba ta, sai ta zauna daɓas a ƙasa.

"Wani ya taɓa min kasko!"

Yunana ya ɗauko fartanya, muka tono. Yana nan a kife yadda ta bar shi.

Can Yagana ta ce wa Yunana, "Shekara arba'in ina wannan aiki, ɗan nan."

Daga bakin ƙofa Tamar ta ce, "Inna, kasko dai ya ji maganarki. Da maigidan kika kife."

Ba wanda ya yi dariya. Yunana ya sayar da jakinsa, ya kai ta gidan ƙanwarsa a Tanut, kusa da likita. A Janairun 1965 ta haifi 'ya mace, ta yi kwana uku ba ta gane kowa.

Da ta yi arba'in, ta goya jaririyar ta tafi wurin uwarta a Ollelewa. Sau uku Yunana ya aika a dawo da ita. Sai da ta yaye yarinyar, bayan shekara biyu, sannan ta dawo.