Zaren Inna Tasalla

"Turawa na da na'ura, mu tamu goro take ci."

Likita Jibrin na ji yana gaya wa wani baƙo haka, ina gefe ina rubuta kati. Wai kantunan Ingila suna da injin da ke karanta baƙaƙen layuka jikin kaya, wata rana har kwalaben magani za a yi wa. Sai ya nuna Inna Tasalla da haɓa.

Inna mai shara ce a ɗakin yara. Shekara ashirin tana tahowa daga Ƙofar Kware a ƙasa, da gwangwanin zaren hula. Ba ta yi boko ba. Duk yaron da anka kwantar, sai ta ɗaura mashi zare a hannu, ta ɗaura irinsa a kati da wuyan kwalba. Wannan ja ƙulli biyu, wancan kore ƙulli ɗaya.

Don kun san mu, uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari. Nas ta kira "Muntari!", uwarsa ta sunkuyar da kai, wata uwar da ke kusa da ita ta miƙo hannu.

A gabana, wata Laraba, uwaye biyu sunka yi musayar gado saboda fanka. Sista Mariyatu, sabuwar zuwa, ta auna maganin ɗan shekara biyar, ta nufi bakin jariri. Inna ta yar da tsintsiya.

"Ɗiyata, dakata! Kwalbag ga ja ta, hannun ga kore na. Ko gilashin naki ado na?"

Sista ta duba, ta janye maganin. Tun ranar ita ke sayo zare. Jaririn kuwa yana nan, har ya fara rarrafe.

Inna, ke ce mai ƙulli, idon ɗakin yara. Gobe za ki aje aiki, kin bar mana gwangwani. Mun gode, Allah shi saka. Ma'aikatan asibiti, ku duba hannu kafin ku buɗe kwalba.

Abu ɗaya na kasa tambaya duk wata goma da na yi nan. Ba ki taɓa ɗaura wa kowa shuɗi ba, alhali shuɗi ne a naki hannu, ya koɗe.

Yau da muna naɗe zare, na kalli ƙasa na ce, "Inna, shuɗin nan na wane ne?"