Taguwar da na zana

Jama'a, yau zane ya kusa kai ni hannun jandarma!

Na kai zanen wata taguwa, wato raƙuma, gasar gidan matasa. Mushe, wato malamin da ke alƙalanci, ya ce, "Wannan aikin IA ne, basirar na'ura, talho ya zana maka." Na rantse, ya ƙi yarda.

Sai wani dattijo makiyayi daga Alakoss ya matso. Ya duba zanen, ya nuna shaidar wuta a wuyanta da tsagaggen kunnenta.

"Taguwata ce, tun kaka ta ɓata. Ina ka ɓoye ta?"

Na ce, "Baba, a bakin rijiya na gan ta, hanyar Gidigir."

Ya damƙe hannuna. "Mu je."

Mushe ya ce, "To IA ɗin fa?"

Dattijo ya ce, "In ya san rijiyar, ya wuce gaba."