Tayin Abinci Sau Uku a Sentul

Farin hijabina ne ya haɗa mu. A lokacin kullen korona, mutanen Kuala Lumpur da abinci ya yanke musu sukan rataya farin ƙyalle a taga don maƙwabta su gani. Ni ban san da wannan ba, ina fama da babi na uku na kundin digirina. Na wanke hijabin salla, na shanya shi a kan sanda daga hawa na tara, a benen da muke zaune a unguwar Sentul.

Bayan la'asar aka ƙwanƙwasa. Wata farar dattijuwa ce sanye da takunkumi, ta rungumo buhun shinkafa da ƙwai, akwai shuɗin fenti a ƙarƙashin faratanta. Na yi mata bayani cewa shanya ce kawai, da Turancin da na shekara goma ina koyarwa a Kano. Ta saurara har ƙarshe, ta ajiye buhun, ta ce in kai wa wanda na san yana bukata.

'Yar Iran ce, mai zane, tana hawa na biyar. Kafin annoba tana koya wa yara zane a wani shago a Titiwangsa. Shagon ya rufe, sai ta koma raba abinci ga 'yan gudun hijira a Cheras tare da wasu 'yan sa-kai. Na riƙa sauka ina taya ta ƙulla ledoji. A nan na lura da kicin ɗinta: shayi, dabino, busasshen burodi. Ba ta taɓa kayan rabo, ta ce ba nata ba ne. Agogon hannunta kuwa kullum sai ƙara zamewa yake yi saboda rama.

Na dafa shinkafa da wake, da mai da yaji, na kai mata.

"A'a, 'yar'uwa, na ƙoshi," in ji ta, hannunta a ƙirji.

A gidanmu idan babba ya ce a'a, ba ka tsaya kana ja da shi. Na koma sama da kwanona. Bayan kwana biyu na kai dambu, ta sake cewa ta ƙoshi. Na hau bene ina tsara dalilai kamar mai rubuta muƙala: ko yaji ne, ko aƙida, ko tsoron cuta.

Ranar Juma'a muna ƙulla ledoji jiri ya ɗebe ta, ta dafa bango. Na zaunar da ita.

"Malama, abincinmu ne ba kya ci?"

"Wa ya gaya miki? Ke ce ba ki ba ni ba."

"Sau biyu ina kawowa."

"Sau ɗai-ɗai kike tayi. A wurinmu sai an yi maka tayi sau uku a tsayuwa ɗaya, kana ƙi, sannan ka karɓa. Wanda ya juya tun a na farko, dama bai yi niyya ba." Ta goge goshinta. "Ke kuwa har ƙanshin kika tafi da shi. Na tsaya bayan ƙofa ina jin takunki."

Na karanta littattafai da dama kan ƙasarsu, daga sarakuna har mawaƙa, babu wanda ya gaya mini wannan.

Na hau na zubo sauran tuwon semo da miyar kuka, na sauko na tsaya a bakin ƙofa kamar baƙuwa. Na yi tayi, ta ƙi. Na sake, ta ce kada in wahalar da kaina. A na uku ta ce in dai don ni ne. Ta cinye tas, hawayen yaji na zuba, tana cewa miyar launin tsohon tagulla gare ta.

Daga nan duk Talata da Juma'a sai mun yi wannan tsayuwar, abinci na hucewa, don ko sau ɗaya ba ta yarda an rage ba. Su ma mutanen Iran, kamar mu, ba sa mayar da kwano babu komai a ciki, kuma ba ta da abin zubawa. Sai ta yanki takarda daidai gindin kwanon, ta zana ɗan itacen rumman guda a fashe, ta rufe ta miƙo mini, tana ba ni haƙuri wai jan fentinta ya kusa ƙarewa.