Rogon da na dafa wa mahaifiyata a Nuzla

Shekarun baya, lokacin ina aikin lodi a wani sito da ke Madinar Masana'antu, wato unguwar kamfanoni, mahaifiyata ta tashi daga jinya da wani kwaɗayi da ya hana mu sakat. Kullum maganarta rogo da ƙuli, irin wanda take ci a garinsu tana yarinya. Ni kuwa a unguwar Nuzla, nan ƙasar Makka, aka haife ni. Ful da tamis, wato dafaffen wake da gurasar nan ƙasar, na san su kamar yunwar cikina, amma ban taɓa ganin ɗanyen rogo ba.

Wata Juma'a da safe abokina ɗan Maraɗi, mai sayar da atamfa a kasuwar Bab Makka, ya kira ni. Ya ce wani matafiyi da ya taso ta Legas ya ba shi rogo, in zo in karɓa wa tsohuwa. Na dawo gida ina ji da kaina. Na kankare ɓawon sama kamar dankali, na yanka manya-manya, na dafa har ruwan ya ƙone a tukunya. Da na ɗanɗana na ji ɗaci, sai na ce wataƙila haka yake, na ƙara barkono a ƙulin. Ta ci yanka huɗu, ni na ci ɗaya. Ta sa min albarka, na tafi masallaci.

Da na dawo, a ƙofar banɗaki na same ta kwance. Ta yi amai, tana numfashi sama-sama, ta dafe kai. Ni ma tun a hanya nake jin jiri.

“Ummi, tashi mu je asibiti.”

Ta riƙe min riga. “Kada ka kai ni, ɗan nan. Iƙamata ta mutu, za su tambaya.”

Gaskiya ta faɗa, takardun sabunta katin izinin zaman nata suna hannun kafili, mutumin da ya tsaya mana a ƙasar, wata biyu ke nan. Har yau ina jin kunyar abin da na yi: tsayawa na yi da waya a hannu, ina lissafin abin da zai biyo baya, uwata tana kakari a ƙasa.

Maƙwabciyarmu, wata dattijuwa 'yar Cadi, ita ta jiyo motsi ta shigo. Ta leƙa tukunya, ta karya ragowar ɗanyen rogon, ta ɗan taɓa a harshe ta tofar.

“Innalillahi! Wa ya ba ka wannan? Mai ɗaci ne, na yin gari! Sai an jiƙa shi kwanaki. Yalla, ɗauke ta!”

Ta cusa min rogon a hannu, ta ce in nuna wa likita. Mota ba ta shiga lungunmu, don haka goya ta na yi har bakin titi. Mutane sun taso daga masallatai, hanya ta cushe. A cikin tasi ina ta kiran “Ummi, Ummi,” tun tana amsawa har ta daina.

A asibiti mai karɓar marasa lafiya ya juya katin iƙamarta, ya dube ni. “Wannan ai ya ƙare.”

Ina ƙoƙarin yi masa bayani, sai wani likita Ba'indiye da ke wucewa ya hango abin da ke hannuna. Ya tsaya cak.

“Wannan ta ci? Tun yaushe?”

Na ce awa uku. Ya dubi mutumin ya ce, “Halas, takarda daga baya.” Aka tura ta ciki, aka sa mata iskar shaƙa da ƙarin ruwa, aka yi mata allura. Ni ma aka zaunar da ni, aka duba ni. Har aka kira la'asar ban san a wace duniya nake ba. Bayan nan ne ta buɗe ido ta nemi mayafinta.

Da likitan ya dawo, ya ce a kudancin ƙasarsu ma suna cin rogo, shi ya sa ya gane shi. Ya ce asalinsa daga Burazil ne, jiragen ruwan Turawan Fotugal suka kai shi gaɓar Afirka da Indiya. Mutanen da suka fara nomansa sun san yadda ake gurza shi, a matse dafin, a zubar da ruwan. Masara da gyaɗa da barkono ma, in ji shi, duk daga wancan ɓangaren duniya suka ƙetaro.

Na fassara mata. Sai ta ce, “Har ƙulin ma? Ashe shi ma baƙo ne, kamar yadda babana ya ratso Sudan da mu a ƙafa.”

Na ce, “Ummi, ba ki ji ɗacin ba?”

“Na ji tun lomar farko. Na ga yadda kake murna ne, na ce ɗan kaɗan ba zai yi komai ba.”

Sai na fita baranda na yi kuka, ƙato da ni. Kwana biyu aka sallame ta, takardunta kuma suka fito daga baya ba tare da wata fitina ba.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne, rogon nan ya ƙetare teku sau biyu kafin ya iso tukunyata, amma sanin yadda ake sarrafa shi bai iso wurina ba, alhali mai sanin tana ɗaki ɗaya da ni. Girman kai ya hana ni shiga in ce, “Ummi, yaya ake yi?” Daga ranar na koma tambayarta komai, daga kaɗa kuka har sunayen danginmu na gida, tana faɗa ina rubutawa.

Ta rasu bayan wasu shekaru, cikin barcinta. Yanzu idan 'ya'yana suka tambaye ni wani abu na gida da na manta ban tambaye ta ba, sai in ji kamar in leƙa ɗakinta.