Taurin da Yaya Sale Bai Sha Ba

Bana shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana Sale, manomi kuma ɗan tauri a Dudunni. Allah Ya jiƙansa. Tsofaffin 'yan kasuwar Kankia ba su manta shi ba, mutumin da yakan goga wuƙa a cikinsa ta lanƙwashe yana dariya.

Ni na raka shi asibiti sa'ad da ya fara haki a gona tun bai kai ƙarshen kunya ba. Likita ya ce hawan jini ya daɗe yana cinsa. Ya bayyana mana cewa lafiyayyar jijiya takan buɗe kamar sabuwar roba in zuciya ta turo jini. Jijiyoyinsa kuwa sun yi tauri, shi ya sa zuciyar take turawa da ƙyar, har namanta ya yi kauri, ta fara gajiya.

Yaya ya dube ni, baki har kunne. "Ka ji ko? Har na'urar Bature ta shaida. Tauri ya kama ni har jijiya!"

Likita ya ce ba wannan taurin ba ne. Yaya ya yi masa godiya, ya sha ƙwayoyin har suka ƙare, bai koma ba. In na matsa sai ya ce, "Mi za a tausasa? Abin da na sha wuya na samu?" Da damina ta kewayo ƙafafunsa suka kumbura, barci sai a jingine. Bai ga girbin geron da ya shuka ba. Har yau abin yana yi mini ciwo.

Yanzu ko a kantin magani na bakin titi ana awon jini. Nakan ce da yana nan me zai ce? Na san zai miƙa hannu a ɗaura masa, ya tsokani mai awon, ya tafi abinsa.

Ya bar gona, da wuƙaƙe, da dariyar nan. Babban ɗansa Nura ya gaji duka ukun, kuma watan jiya awo ya nuna ya gaji na huɗu. Muna fitowa daga wurin awon, da magani a leda, ya washe baki ya ce, "Baba, ashe ni ma tauri ya..."

Bai ƙarasa ba, don ya ga fuskata. Muka tsaya a bakin titi, motocin Katsina na wucewa. Can ya buɗe ledar maganin ya ce, "Baba, wanne ne na safe?"