Saniyar da ke cikin rumbunmu

Maigidana, Allah ya jiƙansa, mai zane a jikin motoci ne a Buza. Shekarar fari, zamanin soja, ya zana ramammiyar saniya da mace riƙe da busasshiyar ƙwarya a bangon wani mai shayi. Bayan kwana biyu masu kaki suka sa shi ya shafe da farar ƙasa, wai yana kunyata gwamnati.

Ƙanensa da ya yi karatu a Rasha ya yi dariya ya ce, "Yaya, kai ma da ganganci! Can masu zane ƙarƙashin gado suke ɓoye irin wannan, aminai kaɗai ke gani."

Maigida ya koma ga zanen motocinsa. Na ɗauka ya haƙura.

A wurinmu mace ba ta leƙa rumbu, maigida ke shiga ya fiddo dami. Sai da ya rasu, hatsi ya yi ƙasa, na hau tsani da kaina. Ga saniyar a bangon ciki, ga macen, da tsagar fuskata. Na zauna kan dammai na yi ta kuka har la'asar. Yau ma hawaye nake. Rumbun ya tsage, amma na hana a rushe shi.